AUREN DA AKA SAYAR WA SHAIƊAN

Ina gaida ƙannena 'yan makaranta, musamman waɗanda ke ɓoye mujallar nan a tsakiyar littafin lissafi, Allah Ya sa dai kar malam ya kama ku. Yau kam da fushina na zo, kuma wallahi kar ku yi mini dariya in na gaya muku a kan wa nake fushin, domin mutanen ko wanzuwa ba su taɓa yi ba a duniya, zane ne kawai a takarda.

Tun ina aji biyu na sakandare yayana ya bar mini wani kwali cike da littattafan komik, irin na jarumai ɗin nan na Amurka da ake zanawa gida-gida, maganar kowa a cikin ɗan kumfa saman kansa. Shi faɗan yake kallo, ni kuwa da na buɗe sai na tarar ashe soyayya ce cunkus a ciki, har ta fi ta wasu littattafanmu zafi. A nan na haɗu da Peter Parker, wato Spider-Man, maraya talaka wanda matar baffansa Anti May ta rena, da kuma Mary Jane mai jan gashi. Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiro shi a 1962 yana ɗan makaranta. Ya sha wuya yaron nan, budurwarsa Gwen Stacy ta mutu a gabansa a 1973, kuma Mary Jane da kowa ke ɗauka 'yar rawar kai ce ita ta zauna ta rarrashe shi a daren. Tun daga nan na ce wannan ita ce matar.

A 1987 aka ɗaura musu aure. Kamfanin Marvel har biki ya shirya a filin wasa na Shea da ke birnin New York, aka sa wa mutane biyu kayan ango da amarya, Stan Lee da kansa ya tsaya a matsayin mai ɗaurin aure. Shekara 20 cur masu karatu suna biye da ma'auratan nan, ana talauci tare, ana neman kuɗin haya tare, ita ke zaman jiransa in ya fita cikin dare, ita ke wanke masa rauni in ya dawo.

To sai me ya faru? A 2006 Peter ya cire abin rufe fuskarsa a gaban duniya, maƙiya suka san ko shi wane ne, aka turo maharbi, harsashi ya sami Anti May. Tana kwance rai a hannun Allah sai ga wani shaiɗani mai suna Mephisto, ya ce zai tashe ta amma da sharaɗi, su ba shi aurensu, ya goge shi kamar ba a taɓa yi ba. Kuma wai suka yarda! Wannan shi ne labarin One More Day na ƙarshen 2007. Gari ya waye Peter ya tashi gwauro, babu saki, babu takaba, babu wanda ya tuna an taɓa biki. Sai a 2010 suka zo da bayani wai ai ranar auren ya tsaya kokawa da wani mai laifi ya suma, bai sami zuwa ba. Haba jama'a! Ko Gizo na tatsuniya, duk ha'incinsa, ban taɓa jin ya sayar da Ƙoƙi ba.

Ranar da na karanta wannan ban ci tuwon dare ba. Innarmu ta zaci ko wani ne ya yaudare ni, ta yi ta tambaya, ni kuwa kunya ta hana ni faɗa.

Babban editan Marvel na lokacin, Joe Quesada, bai ɓoye dalilinsa ba. A ganinsa aure ya tsufar da Spider-Man, yara ba za su ga kansu a jikin magidanci ba, kuma in an ce saki ko mutuwa to tsufan ya ƙaru ke nan. Don Allah ku ji fa, wato mai aure labarinsa ya ƙare. Ni da nake rubuta littafi na san ƙarya ne, ai bayan an kai amarya ne ma ake fara labarin gaskiya, ku tambayi yayyenku da ke ɗakunansu.

Kar ku ce Marvel ce kaɗai. Kishiyarta DC ta fi ta iya goge allo. A 1985 zuwa 1986 ta fitar da Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, ta narkar da duniyoyinta masu yawa ta mayar da su ɗaya, Supergirl ta mutu a ciki, daga baya ma aka nuna kamar ba a taɓa yin ta ba. Superman da Lois Lane da suke tare tun 1938 sai a 1996 suka yi aure, bayan an kashe shi a 1992 an dawo da shi a 1993 da dogon gashi har wuya. Shekara 15 kacal da auren, a 2011 aka sake fara komai daga farko da littattafai 52, aka wayi gari Lois ba matarsa ba ce, a 2012 har an haɗa shi soyayya da Wonder Woman. Masu karatu suka yi ta ƙorafi, a 2016 dole aka dawo da shi da matarsa da ɗansu Jon. Kun ga ashe kuka yana magani wani lokacin.

Sai maganar canza kaya da kamanni. A nan kam ba ni da tsanani, domin ni ma ba na son a gan ni da atamfa ɗaya kullum. Baƙaƙen kayan da aka sa wa Spider-Man a 1984 sun yi kyau, kuma an ba su dalili, ashe wata halitta ce mai rai ta manne masa, da ya yar da ita ta koma jikin wani ta zama Venom. Canji ke nan da ya haifi labari. Haka Carol Danvers, da can kayanta kamar na wanka ne, a 2012 da ta zama Captain Marvel aka ɗinka mata masu rufe jiki tun daga wuya har ƙafa, sai ta fito da kwarjini irin na matuƙiyar jirgin yaƙi, wanda dama aikinta ke nan. Amma a 1997 da aka mayar da Superman shuɗi fat yana tartsatsin lantarki, ko shekara biyu abin bai yi ba aka janye. Jan ɗan wandonsa ma da aka cire a 2011 sai da aka dawo da shi a 2018.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Barbara Gordon, wato Batgirl. A 1988 Joker ya harbe ta ta gurgunce. Wasu marubuta biyu, Kim Yale da John Ostrander, suka ƙi yarda a yar da ita, a 1989 suka dawo da ita a keken guragu da sunan Oracle, gwanar kwamfuta wadda manyan jarumai ke neman taimakonta. Sama da shekara 20 tana haka, masu lalura irin tata suna alfahari da ita. A 2011 aka miƙar da ita tsaye aka mayar mata da tsofaffin kayanta. Wasu sun yi murna, ni kuwa sai na tuna yarinyar da ke zaune a keke tana karantawa, wa aka bar mata?

Don adalci, na san inda matsalar take. Mu in mun kai littafi na uku sai mu rubuta alhamdulillahi mu ajiye biro. Su kuwa jarumin na kamfani ne, marubuci ya zo ya tafi, wani ya ɗora, kuma ba a so labarin ya ƙare don kasuwa. Da an bar Peter yana girma irin namu, da yanzu ya doshi 80 yana fama da ciwon gwiwa. Na yarda da wannan uzurin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa mai karatu abin da ka yi wa kuka jiya bai faru ba. Su kansu Marvel a 2024 sun fitar da wani Ultimate Spider-Man na wata duniya dabam, Peter da Mary Jane da aurensu da 'ya'ya biyu, kuma jama'a suka yi rububinsa. Ina batun aure na kashe kasuwa?

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don in ka nuna wani da yatsa ɗaya sauran kai suke nunawa. A wani littafina, na ɗaya, na ce jarumata baƙa ce doguwa. Da na biyu ya fito sai ga farar mace a bango, ni kuma na yi shiru don an ce ya fi sayuwa. Sannan uwargidan da ta tsaya mini a hanya na rasa yadda zan yi da ita, sai na jefa ta hatsarin mota a shafi ɗaya na huta. Wata yarinya 'yar aji uku ta tare ni a gidan biki ta ce, "Anti, ni fa don ta yi kama da ni na saya, me ya sa kika canza ta?" Wallahi na rasa bakin magana. Ashe ni ma na yi aikin Mephisto ban sani ba. Tun ranar na buɗe wani littafi na musamman, duk wanda na ƙirƙira sai na rubuta kamanninsa da shekarunsa da danginsa, kuma na yi alkawari ba na sake kashe kowa don ragwanci.

To ƙannena masu sha'awar rubutu, ku riƙe wannan. Mai karatu da kuɗin tararsa ya sayi littafinki, ya hana idonsa barci, amana ce ya ba ki. Ki canza wa jarumarki zani, ki canza mata gari, ki jarrabe ta da duk abin da kika ga dama, amma ki bar mata jiyanta, kuma duk abin da zai same ta ya zama yana da tushe a cikin labarin.

Ku rubuto mini, in ku ne Mary Jane za ku yarda da cinikin nan don ceton ran tsohuwar da ta reni mijinku? Zan kawo amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ni dai har gobe matar Peter nake kiranta.

Taku har kullum.