Asali daban, jini daban

A makon jiya wata maƙwabciyata a nan Tudun Jukun ta shigo min da murna, wai an gama binciken asalin mai neman 'yarta. An san kakansa, an san gidansu a cikin birnin Zariya. Na ce, "Hajiya, jinin fa?" Ta ce ai gidan mutunci ne.

Ban musa ba. Sai dai binciken asali wa ya haifi wa kawai yake gaya miki, ba ya leƙa abin da mutum ya gada a jininsa. Yaro rabin ƙwayoyin halittarsa na uwa ne, rabi na uba, kuma 'yan ɗaki ɗaya ma rabonsu yakan bambanta: yaya AA, ƙanwa AS. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, shi ya sa babu tsohuwar da za ta ambace shi a tarihin gida. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila. Kowane ciki fa, sabon lissafi ne. Na yi jinyar yara uku uwa ɗaya, dukansu SS.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Mu nan ga asibitin koyarwa na Shika kusa.

Hajiya ta ce bari a sa rana tukuna. Na ce a'a, a yi tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.