Tafiyar Ahmed Musa da Darasin Bin Mataki

Duk wanda ya bi ta Masama, ko Gwandu, ko Kalgo, a yammacin Asabar, ba zai rasa ganin baƙin allo jingine a ƙofar gidan kallo ba, an rubuta masa da alli sunayen ƙungiyoyin Ingila da lokacin da za su kara, janareto yana ruri a bayan zana, samari kuwa sun cika bencina tun kafin a busa usur, kowa da ƙungiyar da yake so kamar a can aka yanke masa cibiya. Ban ga laifin wannan nishaɗi ba, muddin bai hana salla ko neman abinci ba. Abin da ya dame ni shi ne, yaron da Allah ya hore wa gudu da iya sarrafa ƙwallo, in ya fito daga wannan ɗaki, yakan fito da zaton cewa sana'ar ɗan wasan gaba a Ingila take farawa, a can kuma take ƙarewa, alhali kuwa tarihin ɗan wasan da ya fi kowa suna a cikin 'ya'yan Arewa, wato Ahmed Musa, in aka bi shi daki-daki ba tare da tsallake ba, akasin haka yake karantarwa.

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992, ya kuwa tashi maraya tun yana ƙarami. Ya fara koyon wasa a makarantar horar da yara ta GBS, daga nan aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, sa'an nan Kano Pillars ta karɓe shi aro a kakar 2009 zuwa 2010. A wannan kaka, yana yaro ɗan shekara goma sha bakwai, ya zura ƙwallo 18 a babbar gasar Nijeriya, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa, Pillars kuma ta ƙare a matsayi na biyu. Wanda ya san yadda gasarmu take, ya san cewa waɗannan ƙwallaye ba a ruwan sanyi aka same su ba: a kwana a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, a sauka da gajiya a buga a filin da rabinsa turɓaya ce, a gaban 'yan kallon da ba su da rahama ga baƙo, a kuma yi gogayya da 'yan bayan da suka girme shi da shekaru goma. A nan ya koyi abin da talabijin ba ya nuna wa yaro, wato tashi bayan an ka da shi, da haƙuri da hukuncin alƙalin wasa, da sanin cewa ɗan gaba amana aka ɗora masa, in ya ɓarar da dama ɗaya wahalar mutum goma ya ɓarar.

Da sunansa ya kai Turai, ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ce VVV-Venlo, a wani ƙaramin gari na ƙasar Holan kusa da iyakar Jamus, wadda yawancin masu zama gidan kallo ba su taɓa jin sunanta ba. Ko wannan ma sai da aka jira, domin dokar hukumar FIFA ta hana a ƙetare da yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, saboda haka bai fara buga mata ba sai a Oktoban 2010. Ƙungiya ce mai fafutukar kada ta faɗo daga rukunin manya, kuma a cikin wannan ƙanƙanci nata fa'idarta take, domin ba ta da wadatar da za ta sayi yaro ta ajiye shi a benci. Kowane mako yana cikin fili, yana koyon tsarin wasan Turawa, da kiyaye lokaci, da rayuwa a cikin mutanen da bai san harshensu ba.

A Janairun 2012 CSKA ta birnin Masko ta saye shi, kuma a ra'ayina shekaru huɗu da rabin da ya yi a can su ne zinariyar sana'arsa. A ƙarƙashin mai horarwa Leonid Slutsky, wanda ya yarda da shi, yakan sa shi a gefe, wani lokaci kuma ya tura shi tsakiyar gaba, ya ci gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, ya ci kofin ƙasar a 2013, ya zura ƙwallaye fiye da 40 a gasar, ya kuma fuskanci irin su Bayern Munich da Manchester City a gasar zakarun Turai. Duk da sanyin da ke daskarar da ruwa, da nisan gida, yaron Jos ya zauna, ya dawwama a kan aiki. A cikin waɗannan shekaru ne ya ɗauki kofin Afirka tare da Super Eagles a 2013, a cikinsu ne kuma ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014 a Burazil. Abin da Nijeriya ta girba a waɗannan ranaku, a filayen Rasha aka noma shi mako bayan mako.

Mu mutanen ƙasar Gwandu, waɗanda garinsu ya yi suna da ilmi tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai kamata wannan tsari ya zama baƙo gare mu ba. Ɗalibin zaure da Ahalari yake farawa, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, ya zauna a Risala, kafin a buɗe masa Muhtasar, kuma malamin kirki ba ya ɗaga shi daga littafi sai ya ga ya narke a ƙirjinsa, domin ya san cewa wanda aka yi wa tsallake, ko da ya riƙe babban littafi a hannu, mas'alar farko da aka jefa masa ita za ta tona asirinsa. Wannan tadriji da magabata suka gina karatu a kansa, shi ne dai ƙa'idar kowace sana'a da ake neman ƙwarewa a cikinta, har da ta zura ƙwallo a raga.

Sai kuma babin Ingila, wanda shi ne mafarkin yaranmu. A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki ta ɗauki gasar Firimiya a wannan shekara, ta saye shi a kan kuɗi sama da fam miliyan 16, mafi tsada da ta taɓa biya a kan ɗan wasa har zuwa lokacin. Farkon abin ya yi armashi, domin a wasan sada zumunta da Barcelona a watan Agusta ya ɗauko ƙwallo tun daga wajen tsakiyar fili, ya tsere wa 'yan baya, ya saka ta a raga, ya kuma ƙara ta biyu. Amma kafin watan ya ƙare ƙungiyar ta sayo Islam Slimani da kuɗin da ya fi nasa, ga Jamie Vardy da Riyad Mahrez waɗanda ba a taɓa gurbinsu, sai benci ya zama mazauninsa. Ranar da aka ba shi dama sosai, a Janairun 2017, ya shigo canji a wasan kofin FA a gidan Everton, ya ci biyu, Leicester ta yi nasara da ci 2 da 1. Amma a gasar Firimiya ƙwallo biyu kacal ya samu a kakar gaba ɗaya. A Fabrairu aka sallami Claudio Ranieri, wanda a hannunsa aka kawo shi, waɗanda suka gaje shi kuwa ba su waiwaye shi ba. Mutumin da ƙafarsa ba ta canza ba, gudunsa bai ragu ba, sai ga shi a kakar da ta biyo baya yana kallon wasa daga gefe kamar kowane ɗan kallo.

Mai adalci zai ce, ai ba a ƙin kiran zakarun Ingila, kuma albashin da ya samu a can ya taimaki iyalinsa da mutane masu yawa. Wannan magana gaskiya ce, ban kuma zarge shi da zuwa ba, domin ya je ne bayan ya hau kowane mataki da ƙafarsa. Inda nake so a lura shi ne abin da ya yi da al'amarin ya ƙi: bai tsaya yana cin albashi a benci don kada a ce ya bar Ingila ba. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, ya dawo cikin fili, ƙwallaye suka dawo, bayan 'yan watanni kuma ya zura wa Aisland biyu a gasar duniya a Volgograd, ya zama ɗan Nijeriyan da ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin wannan gasa, da guda huɗu. Da girman kai ya rinjaye shi ya ƙi komawa baya, da wuya a ce ya isa wannan rana da kaifin da ya isa da shi. Darajar ɗan gaba a yawan mintocin da ya buga take, sunan ƙungiya kuwa riga ce da ake ara.

Sauran tafiyar ma haka ta kasance. Ya koma Al-Nassr ta birnin Riyad a Agustan 2018, ya ci gasar Saudiyya da ita a 2019, suka rabu a Oktoban 2020. Da ya yi watanni ba shi da ƙungiya, sai ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021, abin da mutane da yawa suka ɗauka faɗuwa ce, alhali hikima ce ta wanda ya san cewa zama wuri ɗaya yana kashe ƙafa. Daga nan ya tafi Turkiyya, ya buga wa Fatih Karagümrük ta Santambul da Sivasspor, sa'an nan ya sake dawowa Kano Pillars a Oktoban 2024, tare da Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato maƙwabciyarmu, wanda shi ma ta Pillars ya bi kafin ya fita ƙasashen waje. A Yulin 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar da ta fara fito da shi.

To, ina yaron Masama zai sa ƙafarsa ta farko? Wannan ita ce tambayar da ta hau kanmu. Ahmed Musa ya tarar da makarantar horarwa a garinsu, ya tarar da ƙaramar ƙungiya a kusa, ya tarar da babba a Kano. Namu yaron yana da fili a bayan makarantar firamare, da sanduna biyu a madadin raga, da wasan bayan la'asar wanda babu mai rubuta sakamakonsa. Muna da Kebbi United, muna da filin Haliru Abdu a Birnin Kebbi, amma tsakanin wancan fili na ƙauye da wannan babu hanyar da aka share. A cikin wannan giɓi ne dillalan ƙarya suke shiga, su zo da hotuna a waya da alkawarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, uba ya sayar da bijimi ko ya jinginar da fadamar shinkafa, a ƙarshe a yasar da yaro a wani birni ba ƙungiya ba kuɗin komowa. Ina roƙon iyaye, kafin su saki ko sisi, su tambaya: wace ƙungiya ce ta gayyace shi, ina takardar gayyatar, kuma shekarunsa sun kai 18? Ƙungiyar gaskiya ita take biyan kuɗi don ta sami ɗan wasa. Wanda ya ce uba ne zai biya, ya riga ya bayyana ko shi wane ne.

Na san akwai dattawa da malamai da suke ganin ƙwallo lagawu ce kawai, kuma tsoronsu yana da tushe, domin mun ga yaran da suka bar allo da boko saboda ita suka tashi a tutar babu. Amma maganin wannan shi ne a sa wa abin tsari da sharaɗi. A cikin yara dubu masu bugawa, ƙalilan ne ƙwarai za su ci abinci da ita, wanda ya ci ɗin ma shekarunsa a fili ƙididdigaggu ne, karayar gwiwa ɗaya tana iya rufe littafin a yini guda. Shi kansa Ahmed Musa ya fahimci haka, shi ya sa ya zuba dukiyarsa a cibiyoyin wasanni a Kano da Kaduna da sauran harkokin kasuwanci tun yana kan ganiyarsa. Saboda haka karatu ya zama sharaɗin shiga kowace ƙungiyar yara, wanda ya yi fashin makaranta ya yi fashin fili.

Abin da nake nema daga shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da hakimai, da attajiranmu, bai fi ƙarfinsu ba. A kafa gasa tsakanin mazaɓu wadda za a riƙa yi kowace shekara a lokaci sananne, ba sai an ga zaɓe ya gabato ba. A horar da alƙalan wasa daga cikin malaman makaranta. A ajiye littafi guda da za a rubuta sunan kowane yaro, da ranar haihuwarsa ta gaskiya, da wasannin da ya buga da ƙwallayen da ya ci, domin tun 2009 FIFA take auna ƙashin wuyan hannu don gane shekarun 'yan ƙasa da 17, rage shekaru ya zama ha'incin da ke kunyata mai shi. Sa'an nan a gayyato masu horar da Kebbi United da na Sakkwato da Kano su zo wasan ƙarshe su gani da idonsu. Idan aka yi haka shekara biyar a jere, uba zai san inda zai kai ɗansa ba tare da ya sayar da gona ba, mai horarwa zai sami hujjar da zai dogara da ita, yaron kuma zai san cewa matakinsa na gaba Birnin Kebbi ne, sauran kuwa sai abin da himmarsa da ƙaddarar Ubangiji suka ba shi. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya tsare su daga hannun mayaudara.