Dubarar wannan wata: akwatin da ke riƙe wa yawur zafinsa

Hunturu ya ƙarato, masu sana'ar yawur da dege kun san abin da nake nufi. Bara a watan Janairu na haɗa madara lita 10 da dare, da safe na buɗe na tarar da ita tsululu, ba ta kama ba. Kuɗin madarar kuwa rance ne daga asusunmu, ranar biya kuma ba ruwanta da sanyi.

Ba wai hannuna ne ya ɓaci ba. Ƙwayoyin da ke mai da madara yawur suna son zafi digiri 42 zuwa 45, na tsawon awa 6 zuwa 8. Daren Yamai a hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 20, sai su kwanta su bar aiki.

Maganin wata ƴar na'ura ce, STC-1000, irin wadda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da ita. Ku tambaya wajen masu kayan wuta a kasuwar Katako, ku tabbata ta 220 ce irin wutar gidajenmu, don akwai ta 12 da ta 110. Sai tsohon firigo da ya mutu ko akwatin katako mai murfi, da ƙwan lantarki na da, mai wat 40. Na LED ba ya ɗumama komai.

A bayan na'urar akwai lambobi. 1 da 2 nan wuta ke shiga. 3 da 4 na wayar da ke jin zafi ne. 5 da 6 na ɗumamawa, 7 da 8 na sanyaya, su ba ruwanmu da su. Ga inda ake kuskure: 5 da 6 makunni ne kawai, ba sa ba da wuta da kansu. Dole a jawo waya mai wuta zuwa 5, daga 6 ta tafi ƙwan. Don Allah kar wata ta ce za ta gwada da kanta. Ku kira mai gyaran wuta, a cire filogi kafin a taɓa komai, a rufe wayoyin saboda yara.

A sa F1 a kan 43, F2 a kan 1. Zafi ya sauka 42 ƙwai ya kama, ya kai 43 ya mutu. Kan wayar jin zafin a manna shi jikin roba, nesa da ƙwan. Daren farko ku gwada da ruwa, ba da madara ba.

Na'ura ba ta wanke roba fa. Har yanzu sai an dafa madara ta kai 85, ta huce zuwa 45, sannan a zuba iri. In an ɗauke wuta, a lulluɓe da bargo, kar a yi ta buɗewa.

Shawarata, ba sai kowa ta sayi tata ba. Ƙungiya ta haɗa akwati guda, a yi karɓa-karɓa, mai amfani ta jefa ɗan abu a asusu. Da haɗa ƙaramin ƙarfi irin wannan Mata Masu Dubara suka soma a yankin Maradi a 1991. Ku kawo maganar a zaman wannan mako.

Allah ya sa albarka a nema. Sai wata na gaba.