Kumburin Mazakuta Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Wani marubuci ya yi da'awar cewa kumburi da raɗaɗin da ke samun mazakutar saurayi bayan ya tsananta istimna'i uƙuba ce, wadda ba ta da magani sai tuba da yin shiru.

Haramcin istimna'i a mazhabar Malikiyya sananne ne, ba mu jayayya da shi. Amma a wane babi na fiƙihu aka hana mai laifi neman magani? Galibin wannan kumburi ruwa ne da ke taruwa ƙarƙashin fata saboda tsananin guga, wanda idan aka bar wurin ya huta, aka ɗora masa tsumma mai sanyi, yakan sace cikin 'yan kwanaki.

To, wanda ya ji ƙara kamar an karya kara, gabansa ya kwanta nan take, ya yi baƙi ya karkace fa? Wannan yagewar tantanin da ya lulluɓe jijiyar mazakuta ce, tiyatar gaggawa take bukata, jinkiri kuwa na iya gadar da lanƙwasa ko raunin mazakuta na dindindin. Haka nan wanda miƙewar gabansa ta wuce awa 4, ko fitsarinsa ya zo da jini, shi ma kulawar gaggawa yake bukata.

Samari, duk wanda ya ga ɗaya daga waɗannan alamomi, ya garzaya asibiti nan take, kada kunya ta hana shi.