Zaizayar Gaɓar Kogi a Kafanchan: A Fara da Awo Kafin Kwangila

Garin Kafanchan ya bunƙasa ne a dalilin jirgin ƙasa, tun daga shekarar 1927 lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal zuwa Kaduna da wanda ya nufi Jos. Sai dai garin na zaune ne a gindin duwatsun Kagoro, inda ruwan sama ke sauka da yawa, yana gangarowa da ƙarfi ta rafuffuka irin wanda ke zubowa a Matsirga. Kowace damina ruwan yakan ci wani abu daga gaɓa, tare da gonaki da harsashin gidaje da gindin gadoji. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, matakin farko na maganin matsalar shi ne a auna ta, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Yadda kogi ke cin gaɓarsa sananne ne. A wurin da ya yi kwana, ruwa ya fi gudu ta gefen waje, sai ya riƙa rarake ƙasa daga ƙarƙashi. Idan ruwan ya janye, gaɓar da ta jiƙe ta yi nauyi sai ta rufta. Haƙar yashi don buga bulo na ƙara zurfin kogi da tsayin gaɓa, sare itatuwan bakin rafi kuma na kawar da saiwoyin da ke riƙe ƙasa.

Ga ɗan kasuwa, wannan magana ce ta kuɗi. A ƙaddara wani ya gina ɗakin ajiyar citta mita 15 daga bakin rafi, alhali gaɓar na matsowa da mita ɗaya a kowace shekara. Cikin shekara goma ruwa zai kusa isa bangonsa, kuma tun kafin nan darajar ginin ta faɗi. Bankin da ya karɓi takardar filin a matsayin jingina ya ba da rance ne a kan kadarar da ke raguwa, kamfanin inshora kuma ya yanke kuɗinsa a makance. Hakazalika, gada ɗaya da ta karye a kan hanyar Kachiya ko Kwoi ta isa ta tsayar da motocin citta da masara, ta ƙara kuɗin dako a kan kowane buhu.

Awon kuwa ba shi da tsada. Ana kafa turakun siminti a nesa da gaɓa, a riƙa auna tazarar da ke tsakaninsu da bakin ruwa bayan kowace damina. Ana kuma kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da na tauraron ɗan'adam. Tun shekarar 2008 Amurka ta buɗe taskar hotunan Landsat kyauta ga kowa, hotunan da suka faro daga 1972. Waɗannan na nuna sauyin manyan koguna irin su Kaduna da Gurara, ƙananan rafuffuka kuwa sai an taka ƙafa da igiyar awo. Ma'aikata ma ba su yi ƙaranci ba, domin Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa kuma tana Mando a Kaduna.

Wasu za su ce jama'a na bukatar katangar duwatsu ne yanzu, ba rahoto ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a inda ruwa ya riga ya kai ƙofar gida. Amma katangar da aka gina ba tare da nazari ba takan karkatar da ƙarfin ruwa ne zuwa gaɓar maƙwabta, ko ruwan ya zagaye ta ta baya. Idan ba a manta ba, tun shekarar 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Kula da Muhalli, a shekarar 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja. Ƙaramar hukumar da ta je neman kasonta da taswira da alƙaluma ta fi wadda ta je da koke kawai hujja.

Birnin Kaduna ya ga sakamakon gini a bakin kogi a ambaliyar shekarar 2003, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu. Bai kamata garuruwan kudancin jihar su jira irin wannan ba.

Saboda haka, ya dace Ƙaramar Hukumar Jama'a da maƙwabtanta su ware kuɗin awon shekara-shekara a cikin kasafinsu, hukumar KADGIS ta sanya sakamakon a taswirar filaye, ta daina ba da takardar mallaka a inda gaɓa ke ruftawa. A keɓe wa masu haƙar yashi wurare nesa da gadoji, a dasa jema da gora a bakin rafuffuka. Su kuma bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ya kamata su riƙa tambayar nisan fili daga ruwa da yawan abin da kogi ya ci a bara, kafin su sa hannu a kan kowane ciniki.