Iya Ruwa Fidda Kai: Nutson Kwanaki Don Tara Kuɗin Taimako



Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da Hilda Baci ta yi girkin da kundin bajinta na Guinness ya lissafa mata awa 93 da minti 11 a nan Legas, kusan kowa ya kamu da zazzaɓin kafa tarihi. A Afrilun 2024 kuma Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga wasan ces a birnin New York, da niyyar tara dala miliyan 1 don karatun yara. Daga nan sai tunanin matasa ya koma kan haɗa juriya da neman taimako, har na fara jin wasu suna cewa tunda ga teku a ƙofar gida, me zai hana wani ya nutse ya yi kwanaki a ƙarƙashin ruwa, a tara wa marayu ko marasa lafiya kuɗi? Niyyar mai kyau ce. Amma ina da magana a kan tsarin, domin in aka tashi neman gudummawa, har Agege da Idi-Araba da Mile 12 za a iso, kuma mu ne za mu sa hannu a aljihu.

Da farko, mai karatu ya sani cewa wannan ba irin nutson da muka sani a Argungu ba ne, inda mutum ke riƙe numfashi ya fito. Wannan nutso ne da silindar iska a baya, mutum yana shaƙa ta tiyo. Kuma an sha yin sa na kwanaki. A 2016 wani Baturke mai suna Cem Karabay ya yi awa 142 da minti 42 a cikin teku a tsibirin Saifurus. A Nuwamban 2020 wani Bamisre, Saddam Al-Kilany, ya haura awa 145 a Dahab, cikin Bahar Maliya. Kwana 6 ke nan cur, ci da sha da barci duk a ƙarƙashin ruwa.

Hoton mutum ɗaya ake gani, amma aikin na taro ne. Silinda ɗaya awa 1 ko 2 take yi, don haka dole a sami masu kai cikakka suna ɗauko wadda ta ƙare, dare da rana. Dole a sami masu nutso da ke karɓa-karɓa suna tsaron sa, musamman in ya yi barci. Ga masu kai abinci mai ruwa-ruwa, ga likita, ga jirgin ruwa, ga masu ɗaukar hoton bidiyo ba yankewa don shaida. Wannan duka kuɗi ne, kuma ba kaɗan ba.

Shi kuwa jiki, abin da yake gamuwa da shi ya fi gajiya. Ruwa yana zuƙe ɗumin jikin mutum fiye da iska sau 20 da ɗoriya, shi ya sa ko a ruwa mai ɗumi, wanda ya daɗe sanyi zai kama shi. Zafin jiki daga 37 in ya sauka ƙasa da 35, tunani ya fara rikicewa. Fata tana jiƙa ta yi laushi har ta fara salɓewa. Amma babban haɗarin shi ne iskar da ake shaƙa kanta. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne. A zurfin mita 10, nauyin da ke danne jiki ya ninka na doron ƙasa sau 2, sai wannan iska ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. In aka daɗe, jiki ya ƙoshi da ita. Wanda ya taso da sauri a wannan hali, abin da ke faruwa da kwalbar lemo in an girgiza an buɗe shi zai faru a jijiyoyinsa: kumfa. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Mayu na 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a gaɓar tekun Nijeriya, ya nutse zurfin kusan mita 30. Cikin mutum 12, kukun jirgin kaɗai, Harrison Okene, ya rayu, bayan ya yi kusan awa 60 a wani ɗan lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari kai tsaye ba. Sai da ya ƙara fiye da kwana 2 a cikin ɗakin ƙarfe na musamman da ake rage matsin iska sannu a hankali. Darasin a fili yake: wanda ya daɗe a ƙasa, fitowar ma aiki ce mai zaman kanta, kuma ba a yin ta da gaggawa ko da rai na cikin haɗari.

To a nan ne nake da ja da yadda aka saba tara kuɗi a irin wannan bajinta. Sau da yawa sai a ce kowa ya yi alkawarin naira kaza a kan kowace awa. A kunne abin da daɗi, amma a duba abin da yake yi wa wanda ke ƙasa. A awa ta 70, hannunsa ya mutu, yana makyarkyata, kansa ya yi nauyi, kuma ya san kowace awa da ya ƙara abincin marayu ne. Wane ɗan halak ne zai ɗaga hannu ya ce a fitar da shi? Kunya kaɗai ta isa ta riƙe shi. Mun ɗauki tausayinsa mun mayar da shi dutsen da aka ɗaura masa a ƙafa. Kuma mutumin da sanyi da rashin barci suka taɓa wa tunani ba shi ne ya dace ya yanke wa kansa hukunci ba.

Wani zai ce, Malam, ai in ba a yi abin mamaki ba mutane ba sa bayarwa. Gaskiya ne, kuma ban ce a bari ba. Abin mamaki yana jawo ido, ido kuma yana jawo hannu. Abin da nake cewa shi ne, duk mai shirin irin wannan, kafin ya zo mana da takardar neman gudummawa, ya zo da amsar tambayoyi 4.

Ta ɗaya, wa ke da ikon cewa a tsaya? Ya kamata ya zama likitan da ya san aikin nutso, wanda ba shi da rabo a suna ko a kuɗi, kuma in ya ce a fito, magana ta ƙare. Ta biyu, ina ɗakin rage matsin iska mafi kusa yake, an yi magana da masu shi, kuma awa nawa za a yi kafin a isa? Mu da muka san cunkoson Legas mun san nauyin wannan tambaya. Ta uku, nawa shirin zai ci, kuma wa zai biya? In an tara miliyan 10 aka kashe 8 a hayar jirgi da silinda, to biki aka yi, ba taimako ba. Kamfanoni masu neman talla su ɗauki kuɗin shiri, gudummawar jama'a ta tafi asusu daban, a bayyana lissafi bayan an gama. Ta huɗu, shin gudummawar tana nan ko da ya fito a awa ta 10? In amsar a'a ce, ni dai ba da ni ba.

Akwai ma hanyar da ta fi sauƙi: a yi nutson na ƙungiya, mutum 20 ko 30 suna karɓa-karɓa, kowa ya yi abin da jikinsa zai ɗauka. Kwanakin za su cika, 'yan jarida za su zo, kuɗi za su taru, kuma ba uwar da za ta kwana 6 ido biyu. Sai dai sunan mutum ɗaya ba zai shiga kundi ba. A nan ne za a gane wanda marayu suka dama da wanda takardar shaida ta dama.

Hausawa suka ce iya ruwa fidda kai. Gwanin nutso shi ne wanda ya fito da ƙafafunsa, kuma kuɗin ya isa inda aka ce za a kai shi. Mu bayar, 'yan uwa, amma mu yi tambaya kafin mu bayar.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.