DILLALI ƊAYA, LA'ADA BIYU: INA AMANA?



'Yan'uwa, dillanci sana'a ce ta halal. Imamul Bukhari ya ambata a Sahihinsa cewa Ibnu Sirina da Hasanul Basari ba su ga laifin ladan dillali ba. Amma kafin ka miƙa gumin shekarunka a cinikin gida, ka tambayi dillalin: wakilin wa kake?

Wani dillalin na mai gida ne, aikinsa gidan ya yi daraja. Wani na mai saye ne, aikinsa ya nemo masa sauƙi, ya tono masa aibin gidan. Na uku shi ne mai riƙe da su duka biyun, yana karɓar la'ada nan da can. Ya san mai gida bashi ya matsa masa, ya kuma san iyakar abin da ke aljihun mai saye. Sirrin wa zai rufa? Idan unguwar tana ambaliya da damina, ko filin yana da rikicin gado, zai faɗa ne cinikin ya watse, la'adarsa ta bi ruwa?

Ko a Amurka, jihohi irin su Florida da Colorado sun hana mutum ɗaya zama amintaccen wakilin ɓangarorin biyu. Tun watan Agustan 2024 kuma, mafi yawan dillalan ƙasar sai sun rubuta yarjejeniya da mai saye, da adadin ladansu, kafin su zagaya da shi gida. Mu kuwa tuntuni aka hore mu da wannan, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu a ciniki. Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus yayin da ya tarar da jiƙaƙƙen abinci an ɓoye shi ƙarƙashin busasshe.

A ganina, wanda zai shiga tsakani ya bayyana wa kowa matsayinsa da la'adarsa tun kafin a taya. Wanda kuwa aka wakilta shi, ya tsaya ga wanda ya ba shi amana. Idan mai gida ya sallama a miliyan 10, dillali ya ce wa wanda ya wakilta shi 12, wannan biyun ha'inci ce, ko da ya gina masallaci da ita.

Allah Ya ciyar da mu halal, amin.